Bai Sha Komai Ba, Likita

Asabar

Auta,

Gaisuwa ce a gaba, don kada ka ce Yaya ba ta iya buɗe takarda sai da faɗa. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman daji? Ina fata ƙurar siminti ba ta gama toshe maka hanci ba. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi, kuma wannan karon da gaske nake, ba sauƙin da ake faɗa don a sallami mai tambaya ba.

An sallamo Baba ranar Laraba, bayan kwana takwas a asibiti. Murar nan da ta zagaye gari ce, amma shi ba irin kamun da ta yi wa mutane ta yi masa ba. Kwana uku bai san wanda ke kansa ba, numfashi kamar ana jan tsohuwar ƙofa, sai da aka sa masa robar iska a hanci. Ni ce a kan benci, ni ce wanki, ni ce shanya. Na rufe keken ɗinkina da zane na ba masu kaya haƙuri. Kai kuma kana can inda waya ba ta shiga, sai direban motar kamfaninku ya kawo mana takarda ranar Alhamis, ya koma da amsa ranar Asabar. Ban ce laifinka ba ne. Na dai faɗa ne don ka sani.

Yanzu haka yana kan kujerarsa ta ƙofar ɗaki. Ya rame har agogonsa na gangarowa zuwa gwiwar hannu, amma bakin nan yana nan yadda ka bar shi. Likitar da ta duba shi mace ce, ba za ta wuce sa'arka ba, shi kuwa bai taɓa kiranta da komai ba sai "yarinyar nan". Wai shekara talatin da ɗaya ya yi yana miƙa magani ta tagar ɗakin shan magani, tun ba ta san hanyar makaranta ba. Mutanen layinmu ma ba su taimaka ba, da wannan "Dokta, Dokta" da suke zuga shi da ita. Ko kwana bai yi da dawowa ba matar mai gyaran rediyo ta shigo, rabi sannu da jiki, rabi neman kafso, wai mijinta na tari. Ya sa na jawo masa akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, ya zuba mata guda huɗu a tafin hannu.

To, ga ainihin saƙon. Ya ce in gaya maka kafso mai ja da baƙi ya kusa ƙarewa, saura kati biyu, ka aiko masa yadda ka saba. Ya ce kuma ban da mai farin kwalin nan na wancan karon, wai ba shi da ƙarfi.

Ni ba na neman komai. In ka samu hutu ka zo ya gan ka, yana yawan waigawa in an taɓa ƙofa.

Yayarka

Talata

Yaya,

Na amsa gaisuwa, na kuma amsa faɗan da kika naɗe a cikinta. Lafiyata ƙalau, hancina ma yana aiki. Wallahi da na karanta an sallamo Baba sai da na nemi wuri na zauna na yi hamdala. Sannu da ɗawainiya, Yaya. Na san sannu ba ta wanke zanen gado, amma ita ce a hannuna yau.

Ki ce wa Dokta na ji ya kayar da mura, saura ya kayar da shinkafa faranti biyu a zama ɗaya, sannan in yarda ya warke.

Yanzu ki ajiye almakashi ki karanta wannan a natse. Aikina kullum a ɗakin gwaji shi ne in shafa kakin mutane a faranti in jira in ga abin da zai tsiro, don haka ki saurare ni ko sau ɗaya. Murar da ta kwantar da shi ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, kafso ba ya taɓa shi ko kaɗan. Amma in ta tafi tana barin ɓarna a baya. Akwai ƙananan gashi a hanyar numfashi masu share datti su turo shi waje, ciwon nan yana kakkaɓe su, sai an yi makonni kafin su dawo. Garkuwar jiki ma, bayan irin wannan dambe, takan yi laushi, ba ta tashi da wuri in wani abu ya shigo. A wannan tsakanin ne wata ƙwayar cutar daban, bakteriya, ke samun gida a buɗe ta gangara huhu. Na ga haka a ma'aikatanmu har uku a watan nan. Mutum ya warke, ya koma bakin aiki, bayan mako guda a dawo mana da shi a kwance.

Saboda haka, in zazzaɓi ya dawo, ko kaki ya canza launi, ko ya fara riƙe haƙarƙari, ku tafi asibiti a ranar. Kada a buɗe akwati. In kuma ya riga ya buɗe a bayan idonki, ki faɗa wa likita abin da ya sha da yawan kwanakin. Na san dokar gidanmu. Tun ranar da marigayiya Inna ta yi suɓutar baki a gaban wani likita har aka kusa korar Baba daga aiki, aka haddace mana cewa abin da ke cikin akwati ba ya shiga kunnen likita. Wannan karon ki karya ta.

Kafson da ya ce ba zan aiko ba. Ki ce masa ya yanke a wurinmu, ba sai kin ce na ƙi ba. Ga abin awon zafin jiki da rigar sanyi a hannun direba.

Maganar zuwa, abokin aikina ya ajiye aiki, ni kaɗai ne a ɗakin gwaji, ga ma'aikata ɗari shida mura na bin su ɗaki ɗaki. Da zarar an turo wani zan taso.

Ƙaninki

Juma'a

Auta,

Ina gaisuwa. Taka lafiyar na gan ta a takarda, tunda har kana da ƙarfin barkwanci. Ta Baba kuma ga ta nan.

Jiya takardarka ta iso, kwana tara bayan ka rubuta ta. Motarku ta lalace a hanya wancan makon, aka koma da ita a jaye, takardar na aljihun direba. Na buɗe ta ina tsaye a kan Baba yana rawar ɗari, na ci karo da shinkafa faranti biyu. Mutumin da sai na yi da gaske yake kurɓar rabin kofin shayi! Na san ba ka sani ba lokacin da ka rubuta, amma sai da na ji kamar in cusa ta a murhu.

Zazzaɓin ya dawo tun Alhamis ta makon jiya. Da farko ya ce gajiya ce. Washegari tari ya canza, kakin ya yi kauri ya koma launin tsatsa, in zai yi sai ya dafe haƙarƙarin dama. Ya sa na jawo akwati. Mai ja da baƙin nan, biyu da safe biyu da yamma, har kwana biyar. Da na ga abin ba gaba ba baya, ranar Talata na tsayar da tasi a ƙofar gida, na ce ko ya shiga da ƙafarsa ko in kira maƙwabta su ciccibe shi a gaban matan layi. Ya shiga yana mita.

Yarinyar nan muka samu. Ta ɗora abin sauraro a bayansa ta daɗe, ta tura mu hoton ƙirji, ta ce nimoniya ce ta kama huhu gefe ɗaya. Sai ta ɗago ta tambaye ni, "Ya sha wani magani a gida kafin ku zo?" Baba ya dube ni, irin kallon nan da ka sani. Na ce, "Bai sha komai ba, Likita." Ta ce, "Ko ƙwaya ɗaya?" Na ce ko ɗaya.

Kafin ka ɗaga min murya ta takarda, tsaya ka ji ƙarshen. Ta rubuta magani, na je taga na karɓo, na buɗe leda, sai ga mai ja da baƙi sak, kwalin ne kawai daban. Zo ka ga Baba a mota! Tari na shaƙe shi yana dariya. Ya ce, "Kin gani ko? Shekara bakwai ta yi a jami'a don ta rubuta abin da ke ƙarƙashin gadona." To, da na faɗa mata da ban faɗa ba, ina bambancin? Sai dai ta wanke mu tas a gaban mutane, a ce tsoho yana wasa da magani, a banza a wofi.

Ta ce ya sha na kwana bakwai mu koma. Yau na huɗu. Zafin bai sauka ba, abin awonka na nuna talatin da tara da ɗoriya, amma ai sai magani ya ƙare ake cewa bai yi ba. Ka cika min shafi biyu da gashin maƙogwaro da garkuwar jiki. Ni hannu biyu nake nema da za su tallafe min shi in zan canza zanen gado, ba lacca ba.

Rigar sanyin ta yi masa yawa. Yana sa ta a haka.

Yayarka

Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe gajartar gaisuwar. Wani mai walda ne zai tafi hutu gobe da safe, shi zai kawo miki wannan, ba zan iya jiran motar Laraba ba.

Kin tambayi bambanci, ga shi. Likita ta ɗauka sabon ciwo ne da ba a taɓa shi da komai ba, shi ya sa ta fara da maganin farko da ake ba kowa. Da kin ce mata kwana biyar yana shan wannan ɗin zazzaɓi na ƙaruwa, ko ɗaliba ce za ta gane ƙwayar cutar ba ta jin sa. Da ba ta bar shi ya koma gida ba. Da ta ɗauki kakinsa a ranar ta tura ɗakin gwaji, da yanzu an san wacce ce, an san abin da ke kashe ta. Abin da ya ba Baba dariya a mota shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a duk takardarki. Yau kwana goma ke nan ana ba shi maganin da ba ya aiki, ƙwayar cutar kuwa tana cin huhun da mura ta riga ta raunana.

Kuma ba yau ta koyi wannan taurin kai ba. Shekara nawa Baba na shan kafso biyu in kansa ya sara, huɗu in ya yi atishawa? Duk lokacin da ya sha, raunanan ƙwayoyin da ke jikinsa su mutu, masu taurin su zauna su hayayyafa. Ina jin su ne yanzu suka samu hanya.

Ki ajiye takardar nan ki ɗauke shi yanzu, kada ki jira kwana bakwai su cika. Ki tattara duk katunan da ya ɓare, na akwati da na asibiti, ki zube mata su a gabanta. Ki ce kin yi ƙarya. Da wannan kalmar, Yaya, don ta san daga inda za ta fara lissafin kwanakin ciwon. In Baba ya harare ki, ki bar shi ya harara, mai hararar nake so in zo in tarar.

Ke ce babba, ke kika goya ni, ban taɓa gaya miki magana ba. Amma ƙaryar nan ba mutuncinsa ta kare ba. An daɗe da yi masa ritaya, ba mai korarsa daga ko'ina. Me kike tsoro?

Auta

Asabar

Auta,

Gaisuwa. Ni ina tsaye da ƙafafuna, iyakar abin da zan ce game da lafiyata ke nan. Baba yana gado na shida a ɗakin maza, an rufe masa hanci da baki da abin iska.

Ba takardarka ce ta kai mu ba. Ranar Litinin da hantsi ya tashi zai je banɗaki ya zube a bakin ƙofa, leɓɓansa sun yi toka-toka. Mai walda a asibiti ya same ni ranar Talata, maƙwabta suka kwatanta masa. Na karanta sau biyu a baranda, na koma gida na kwaso katunan.

Na yi yadda ka ce. Tana zagayen yamma, ita da nas biyu, ɗaki cike da masu jinya da masu dubiya. Na zazzage ledar a kan gadon na ce, "Likita, ƙarya na yi miki." Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi. Ta ɗauki katunan tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kwana nawa kafin ku fara zuwa?" Na ce biyar. Ta ce, "Baiwar Allah, tun jiya na gane maganin bai yi ba, har mun ɗauki kakinsa. Ranar da na tambaye ki nake buƙatar wannan maganar. Mako guda muka yi asara."

Ka ji amfanin tonon da ka sa na yi. Baba yana ji, idonsa biyu. Ya janye abin iskar da ƙyar ya ce min, "A gaban mutane?" Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi min. Yau kwana huɗu, in na zauna ta dama ya juya hagu. Ruwa ma a hannun nas yake karɓa, ni da na bar ɗinkina da komai nawa ina wanke masa jiki.

Ka tambaye ni me nake tsoro. Kallon nan nake tsoro, tun ina da shekara tara, kuma kai ma kana tsoronsa, shi ya sa ka fi son nesa. Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Wa ke cika akwatin? Baba ya bar aiki shekara tara ke nan. Tun da ka fara aiki, duk bayan wata biyu direba na sauke min kwali da rubutun hannunka a kai, "Na Dokta". Kai da ka san gashin maƙogwaro. Kai da kake zaune kullum kana kallon ƙwayoyin nan a faranti suna ƙin mutuwa. Ni tela ce, ban san komai ba sai abin da aka koya min a gidan nan. Kai ka sani, ka kuma aiko, don aiko kwali ya fi zuwa sauƙi. Sai da abu ya lalace ka tuna kai malami ne.

Sakamakon ya fito jiya. An gwada ƙwayar da magani shida, biyar ko a jikinta. Saura wata allura guda ɗaya, babu ita a asibitin. Na zaga kantunan magani goma sha ɗaya a ƙafa, wasu ko sunanta ba su taɓa ji ba. Likita ta aika a nemo, an ce sai mako mai zuwa ko na bayansa. Suna haɗa masa wasu biyu don su riƙe shi. Ta ce kuma yanzu jikin da kansa ya shiga faɗan, garkuwar da ka ce ta yi laushi ta farka a makare, tana kai duka ko'ina, huhun na cika da ruwa, har ya fara taɓa ɗaya gefen.

Ga takardar da ta rubuta sunan allurar da yawan kwalaben da ake so, na maƙala ta da fil a jikin wannan. In akwai wani amfani a zamanka can, ga ranarsa.

Yayarka

Talata

Yaya,

Sannu, sannu da fama. Ya mai jiki? Allah ya tashi kafaɗunsa.

An samu. Jiya na kulle ɗakin gwaji ban nemi izinin kowa ba, na hau mota awa biyar zuwa babban asibiti, inda wani abokin karatuna ke kula da ɗakin ajiyar magani. Na kwana goma cif, yadda likita ta rubuta. Suna cikin kula da ƙanƙara. Na ce wa direba kada ya buɗe, kada ya ajiye ta kusa da inji, kuma kada ya biya gida, ya wuce asibiti kai tsaye, gado na shida.

Da ni zan riƙo ta da hannuna. Amma murar ta kama ni tun Lahadi, da ƙyalle a hanci na yi tafiyar jiya, yanzu ma da zazzaɓi nake rubutun nan. In na shigo ɗakin da Baba yake da wannan a jikina, ni zan ƙarasa shi, da duk wanda ke kwance kusa da shi. Na san yadda za ki karanta wannan layin. Ki karanta yadda kika ga dama, gaskiya ce dai.

Abin da kika faɗa a kaina kuma gaskiya ne. Na sani, na aiko. Karon farko da ya nema na ce a'a, ya yi wata uku bai ce a gaishe ni ba. Da na aiko sai ya ce, "A gaya wa Auta ya zama mutum." Wannan maganar nake nema duk bayan wata biyu. Na riƙa ce wa kaina ai ya san aiki, ai ba yaro ba ne. Ni ma ƙarya na yi, tawa ta fi taki daɗewa.

Ki karanta masa wannan a kunne, ko ya juya baya: Baba, ni na sa Yaya ta faɗa, ba yin kanta ba ne. In fushi ne, da ni za ka yi. Ka karɓi ruwa a hannunta.

Ki rubuto min ko layi ɗaya ne bayan allurar farko.

Ƙaninki

Asabar

Auta,

Ina gaishe ka, ya ƙarfin jiki? Na ga ka ce zazzaɓin ya sake ka. Allah ya ƙara lafiya, kuma ka kula da kanka makonnin nan, ka fi ni sanin dalili. Takardunka biyu na baya suna kan keken ɗinki, na karanta su, ban iya amsawa ba. Direba ya riga ya faɗa maka da baki yau sati biyu. Ga shi yanzu a rubuce, tunda ka ce kana son ka ji yadda aka yi.

Ranar Laraba ce Baba ya rasu, rana ta take tsaka, wato lokacin da motarku ke fitowa daga kamfani da kularka. Da safen ya motsa leɓe, nas ta ce ruwa yake so, ta miƙo min kofin ta tafi wani gado. Na ɗaga kansa ya kurɓa sau biyu, idonsa a rufe. Ban sani ba ko ya san hannun wa ne. Kada ka tambaye ni ko ya yi magana, bai yi ba. Saƙon da ka ce in karanta masa a kunne ni kaɗai na karanta shi, washegari.

Ka ce za ka zo ƙarshen wata. Ka zo, ɗakinka na nan, na share. Amma kada ka zo min da bayani. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa shi ma, Allah ya gafarta masa, ya tafi ya bar ni da fushinsa a hannu ba inda zan kai shi.

Likita ta kira ni gefe ta ce ba za ta rantse allurar za ta tashe shi ba, huhun ya riga ya yi nisa. Ta ce ba ta ma da tabbacin a gida ya reni ƙwayar, mai yiwuwa a ɗakin asibitin ya ɗauke ta tun kwanciyar farko, don akwai wani mai irinta sak a gado na tara. Ta faɗa ne don ta rage min nauyi. Na yi mata godiya, amma ban ji ya ragu ba.

Ranar Alhamis direba ya bi umarninka, ya wuce asibiti, ya tarar da wani daban a gado na shida. Ya zo gida ya tsaya a ƙofa da kula a kafaɗa, tsakiyar masu gaisuwa, ya rasa wanda zai miƙa wa. Na karɓa na shiga ɗaki na buɗe. Ƙanƙarar ko narkewa ba ta gama yi ba. Wallahi sai da na ɗauki kwalba ɗaya zan maka ta da bango. Sai na mayar, na yafa mayafi, na bar mutane zaune na tafi asibiti, na miƙa wa likita kular.

Mutumin gado na taran nan kafinta ne, bai kai arba'in ba, 'ya'yansa uku. Shi ma mura ce ta fara kayar da shi, shi ma allurar ake jira masa. A ranar aka fara yi masa. Ban so in koma ba, amma ƙafata ta riƙa kai ni. Kwana uku zazzaɓi ya sauka. Kwana biyar aka cire masa abin iska. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa zaune yana cin burodi da shayi, yana yi wa matarsa ƙorafin sukari bai ji ba. Ban taɓa sanin mutum zai iya ganin wani ya warke ya ji zafi haka ba, amma na ji, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya aka sallame shi, da ƙafarsa ya fita. Matarsa ta biyo ni har bakin titi ta riƙe hannuna tana kuka. Ta ce in gaida mata ƙanin nan nawa da ya aiko magani daga nesa, Allah ya yi masa albarka, uban da ya haifi irinsa ya ji daɗi. Na ce zan faɗa maka.

Ga shi na faɗa.

Yayarka